Daga Daura zuwa Agadas a motar 'yan ci-rani

Bayan girbi na tashi daga Daura, muka tsallaka iyaka ta Kwangwalam, muka bi ta Matamaye. Motar cike take da samari, kowa da bargo da 'yar jakarsa. Da muka iso Kance sai na gyara zama, don na daɗe da sanin sunan garin. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, kusa da iyakar Aljeriya. Galibinsu mata ne da yara daga wannan yanki, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su.

A jami'a an koya mana ra'ayin Harris da Todaro na 1970: mutum kan auna abin da yake samu a gida da wanda yake sa ran samu a can, idan na can ya rinjaya sai ya ɗaura kaya. Na tambayi saurayin da ke gefena ko haka ya yi lissafinsa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wane lissafi? Baba ne ya ce bana ni zan fita, yayana ya zauna da dabbobi." Geron da suka samu ba zai kai su damina ba, rago aka sayar aka yi masa kuɗin mota. Wannan ya fi kusa da abin da Stark da Bloom suka kawo a 1985, cewa gida ne ke yanke shawarar tafiya, a tura ɗa guda waje don kada gona ta ƙi a rasa madafa. A ganina nasu ne ya fi dacewa da ƙasar nan.

Muka kwana Damagaram, washegari muka miƙa ta Tanut da Adarbisnat. Shingayen jandarma ba sa ƙirguwa, a kowanne sai an sauko da masu katin wata ƙasa.

A Agadas, ba nisa da masallacin nan mai doguwar hasumiyar ƙasa, na sha shayi da wani dattijo da ya yi shekaru yana jan Hilux zuwa Dirku da iyakar Libiya. Ya ce a da ran Litinin suke fita a ayari, sojoji na yi musu rakiya, kowa ya san sana'arsu. Masu jarka, masu rawani da tabarau, mata masu abinci, 'yan kamasho, duk a nan suke ci. Sai ga dokar Nijar mai lamba 2015-36, wadda ta haramta safarar 'yan ci-rani. A watan Nuwamban 2015 shugabannin Turai da na Afirka suka yi taro kan ƙaura a birnin Valletta, Tarayyar Turai ta buɗe asusun dakile ƙaura, daga 2016 kuma aka shiga kama direbobi ana ƙwace motoci.

Masana harkar tsaro da ake kira 'yan makarantar Copenhagen, irin su Ole Wæver da Barry Buzan, sun bayyana yadda haka ke faruwa: shugabanni su kira wani abu barazanar tsaro, in jama'a sun yarda, sai a ɗauki matakin da a da ba zai yiwu ba. Ga shi kuwa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar yawo ba biza, Agadas kuma cikin Nijar take, amma aka wayi gari ɗaukar fasinja zuwa arewa ya zama laifi. Kada mu ce Turawa kaɗai suka iya wannan. Busiya ya kori baƙi daga Gana a 1969, Shagari ya yi irinta a Najeriya a 1983.

Na ce, "Baba, to tafiyar ta tsaya?" Ya girgiza kai. Kuɗin mota ne ya ninka, aka koma fita da dare, ana kauce wa rijiyoyin da aka sani don sojoji na can. Direba in ya hango sintiri sai ya zube mutane ya gudu. Wasu abokansa da suka rasa mota sun tafi haƙar zinariya a Jado, har aka rufe wurin a 2017.

A Nuwamba 2023, wata huɗu bayan juyin mulki, gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar, ana tsakiyar tsamin dangantaka da Turai. Litinin ɗin da na tarar, motoci sun fita da rana tsaka, mutane zaune a gefen bodi, ƙafafu a waje, kowa riƙe da sanda.

Sai dai Aljeriya ba ta daina koro mutane ba. Takan sauke su a kan iyaka, su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka. Na gamu da wasunsu a tasha, 'yan Kance da Magarya. Ɗaya daga cikinsu ya roƙi aron wayata ya kira gida, na ji yana cewa a sayar da ɗan maraƙin a turo masa kuɗi, zai sake gwada Tamanraset.