Lambar da anka yanke tare da tiyo

Shekarata ta farko da fara aiki a wani izin, wato masana'anta, nan Yamai, wajen zon industiriyel, anka ba ni aikin da na ɗauka wasa ne: mu ja layin tiyo na tururi daga shodiyar, wato tukunyar da ke dahwa ruwa ya zama tururi, zuwa ɗakin injuna, bai kai mitir 40 ba. Ni lokacin sabon hitowa daga lakkol, kai cike da lissahi, gani nike in dai sudur ta yi kyau kuma ba ta yoyo to magana ta ƙare, batun takardu kuwa aikin ƴan biro ne masu zama cikin kilim.

Tiyon da anka kawo muna daga waje bai isa ba, saura guda biyu. Patoro na ta waya, sai na hau moto na tahi kasuwa na samo wasu, ƙarhe ne baƙi, kauri ɗaya, hwaɗi ɗaya, ido ba ya rarrabe su. Mai sudur ɗinmu, wani dattijo ɗan Tawa da ya yi shekaru a aikin ma'adinai can arewa, ya juya tiyon ya duba jikinshi ya ce "yaro, wanga ba ya da suna." Na yi dariya wallahi. Ya ce "to kai ne shef", ya sa gilashinshi.

Sunan da yake nuhi shi ne lambar narki. Kowane tiyo na kirki yana zowa da lamba a jikinshi wadda ke nuna tukunyar da anka narka ƙarhen, kuma lambar ga tana cikin sartifika da masana'anta ta bayar, wadda ake kira 3.1 bisa ƙa'idar EN 10204, inda anka rubuta abin da ke cikin ƙarhen da ƙarhin da ya jure sa'adda anka gwada shi. In ka yanka tiyo biyu, dole ka kwahe lambar bisa guntun da ba ya da ita kahin ka raba su. Mu ko a tiyon kirkin ma ba mu yi hakan ba, guntaye uku sunka tashi ba lamba, laihina ne don ni ya kamata in tsaya kai.

Ran da mai kontorol ya zo ko kallon layin bai yi ba da farko, ya zauna bisa benci ya ce in kawo dosiye. Zane, takardar tiyo, takardar da ta nuna yadda za a yi sudur, da shaidar shi mai sudur ɗin ya ci jarabawa, bisa ƙa'idar ISO 9606 ko sashe na 9 na ƙa'idar ASME ta Amurka, ya danganta da ƙa'idar da anka zaɓa tun farko. Mu ASME B31.1 munka bi tunda tururi ne, da na sinadarai ko matatar mai ne kamar ta Damagaram, galibi B31.3 za ka ji. Ya ɗauki alli yana bin layin gaɓa gaɓa yana haɗa lamba da takarda, har ya iso ga nawa na kasuwa, ya zana alamar X babba, ya ce "Malam, wanga daga ina?" Ban iya cewa komi ba.

Na so in yi gardama, na ce a gwada da ruwa mana a gani. Ya ce gwajin ruwa na nuna maka yau ne, bai gaya maka abin da ƙarhen zai yi bayan shekara biyar yana zahi yana sanyi. Anka yanke tiyon da ba su da lamba duka, munka jira sati uku kahin sabbi su iso, patoro ya daina amsa gaisuwata.

Gwajin ruwan ma na koyi abu. Layinmu na bar 10 ne, bar shi ne ma'aunin matsi, ana gwada shi a bar 15, wato sau ɗaya da rabi, a riƙe aƙalla minti 10 sannan a bi gaɓoɓi ana duba. Sai an hidda iska duka ta sama kahin a fara bugawa, don ruwa ba ya matsuwa, in wuri ya tsage tsartuwa kawai zai yi, iska kuwa in ta matsu bom ce. Kuma watan Afrilu ne, munka cika layin da hantsi, rana ta bugi tiyo, ruwan ciki ya ɗau zahi, allurar manometir, agogon da ke nuna matsi, ta riƙa hawa da kanta ba wanda ya taɓa pompi, dattijon ya yi maza ya sassauta robine. Shi ma manometir ɗin sai da anka nemi takardar awonshi. Washegari bayan asuba munka sake, allura ta tsaya cik, anka buga tampo.

Wani abokina da ke aiki Kanada ya ce can sai lardi ya yi rajistar zanen ya ba da lamba kahin ma a fara aiki. Mu nan wani lokaci sai an gama ake tuna dosiye. Ni dai yanzu fenti mai rubuta ƙarhe ba ya barin aljihuna, ba a kunna mashin ɗin yanka sai na kwahe lamba, yaran atalye har sun laƙa mini Malam Lamba.