Yashi, gishiri da garin ƙarfe: yadda na sake tsarin darasin sauyin abubuwa

A shekarar da na fara koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, na shiga darasin sauyin zahiri da sauyin sinadari kamar yadda aka koya mini shi. Na raba allo gida biyu, na rubuta a gefe guda cewa sauyin zahiri shi ne wanda ake iya mayar da abu yadda yake, a ɗaya gefen kuma cewa sauyin sinadari ba ya komawa. Na kawo misalin ƙanƙara da ke narkewa ta sake daskarewa, da na takardar da ta ƙone ta zama toka. Ɗalibai suka kwafe, ni kuma na ɗauka an gama. Sai wata yarinya da ke bencin baya ta yago takarda daga littafinta, ta kekketa ta gutsi-gutsi, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan ai ba za ta koma yadda take ba, ke nan sauyin sinadari ne?" Na ce a'a, amma da ta nemi dalili sai na ga ƙa'idar da na rubuta da hannuna ita ce ta ba ta gaskiya. Na yi ta kame-kame har aka kaɗa ƙararrawa.

Abin da ya kamata in ce mata shi ne kowane gutsure takarda ne har yanzu, babu sabon abu da ya samu, alhali toka da hayaƙi ba takarda ba ne. Tambayar da ke raba sauyin biyu ita ce ko an samar da sabon abu mai ɗabi'un da ba na farko ba. Sai dai na lura cewa faɗin wannan da baki ba ya zama a kan yaro, domin bai san yadda zai gane "sabon abu" ba. Saboda haka a zango na gaba na juya tsarin gaba ɗaya, na fara da raba gauraye, na bar maganar sauyi sai daga baya.

Na ba kowane rukuni kwalba ɗauke da giram 20 na yashi, giram 10 na gishiri da giram 5 na garin ƙarfe, a cakuɗe. Na ajiye maganaɗisu, mazurari, takardar tacewa, ruwa, ƙaramin kasko da sikeli a kan tebur, na ce su dawo mini da abubuwa uku, kowanne daban, ban kuma gaya musu da me za su fara ba. Wannan shirun da na yi shi ne ya fi komai amfani a darasin. Rukuni biyu suka yi gaggawar zuba ruwa, gishiri ya narke kamar yadda suke so, amma garin ƙarfen ya jiƙe ya manne da yashi, duk lokacin da suka kai maganaɗisu sai ya ɗauko caɓi. Wani rukunin ya fara da maganaɗisu, wanda shi ne daidai, amma suka tsoma shi tsirara, garin ya lulluɓe shi kamar gashi, suka ɓata kusan minti goma suna kankarewa da farce. Tun daga ranar nake sa a nannaɗe maganaɗisu cikin leda, in an zare shi daga ledar sai garin ya zube da kansa a kan takarda.

Wajen tacewa ma an sha fama. Ruwa yana ɗiga a hankali, yaro kuwa ba shi da haƙuri, sai ya sa fensir ya motsa, takardar ta huje, yashi ya bi ruwa. Da muka zo ƙafar da ruwan gishiri a kan wuta, na koyi cewa dole a sauke kaskon tun da sauran ɗan danshi, domin in ya kusa bushewa gishirin yana tartsatsi, yana tsalle waje, yana iya faɗa wa mutum a ido. Da aka auna, babu rukunin da ya dawo da giram 10 cif. Masu giram 7 ko 8 sun yi asara a tartsatsi da jikin takarda. Rukuni ɗaya ya sami fiye da 10 yana ta murna, sai da na tambaye su daga ina ƙarin ya fito kafin suka taɓa gishirin suka ji bai bushe ba.

A nan na tsayar da su na tambayi abin da ya sa kowace dabara ta yi aiki. Amsar ta fito daga bakinsu: ƙarfe bai daina bin maganaɗisu ba don an haɗa shi da yashi, gishiri bai daina narkewa ba, yashi kuma bai fara narkewa ba. Kowane abu a cikin gauraye yana riƙe da halinsa, kuma da wannan halin ake kamo shi. Sauran dabarun na bi ta kansu da sauri a kan wannan tushe. Rariya tana aiki da bambancin girma. Tatsar ruwa ta hanyar tururi tana aiki da bambancin zafin tafasa, kamar ruwa da ke tafasa a digiri 100 da sinadarin etanol da ke tafasa a wajen digiri 78, kuma da wannan hikimar matatun mai suke raba ɗanyen mai zuwa fetur, kananzir da dizal. Na ɗan daɗe a kan raba launukan tawada, saboda yara suna sonsa, kuma yana da tarihi mai daɗi: masanin tsirrai ɗan Rasha Mikhail Tsvet ya raba launukan ganye ta hanyar bi da su cikin garin alli, ya kuma sa wa dabarar suna kuromatogirafi a 1906. Mu ma da sandar alli muka yi, aka ɗiga baƙar tawada kusa da gindinta aka tsayar da ita cikin ruwa kaɗan. Waɗanda suka yi da biro ba su ga komai ba, domin tawadarsa ba ta narkewa a ruwa, laifina ne kuwa da ban gwada tun a gida ba.

Sai a mako na uku na kawo sauyin sinadari, da garin ƙarfe da farar wuta. Na haɗa giram 7 na ƙarfe da giram 4 na farar wuta, wanda shi ne gwargwadon da suke haɗuwa da shi, na nuna musu cewa maganaɗisu yana zare ƙarfen ya bar rawayan gari. Daga nan na zuba cakuɗin a bututun gwaji na ɗora a wuta, kusa da taga a buɗe, domin hayaƙin farar wuta yana shaƙe mutum. Da ya fara ja sai na janye wutar, amma jan ya ci gaba da tafiya cikin bututun shi kaɗai har ƙarshe, ajin ya yi tsit. Abin da ya rage baƙin dunƙule ne, babu rawaya, babu ƙyallin ƙarfe. Na kai maganaɗisu da tabbacin cewa ba zai kama ba, sai kuwa wani ɓangare ya ɗan manne. Wani yaro ya ce, "Malam, ai bai canza ba." A da, da na ruɗe. Wannan karon na ce su yi tunani, sai ɗaya ya ce wataƙila akwai ƙarfen da bai sami farar wutar da zai haɗu da ita ba. Haka ne kuwa, domin wani kaso na farar wutar yakan ƙone ya tafi a hayaƙi, ya bar ƙarfe a ware. Muka daka dunƙulen, muka nemi rawayan gari ta kowace dabara da suka koya, ba mu samu ba. Dabarun raba gauraye sun zama ma'aunin da suke gane sabon abu da shi.

Akwai wuraren da har yanzu nake taka-tsantsan. Alamomin da littattafai ke jerawa, wato sauyin launi, fitar iska da zafi, ba hujja ba ne su kaɗai, domin ruwan da ke tafasa yana kumfa alhali ruwa ne ke zama tururi. Kyandir kuma yana ɗauke da sauyin biyu a lokaci guda: kakin da ke narkewa ya gangaro ya daskare yana nan kakinsa, wanda ya ƙone kuwa ya zama iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa. Yara suna ɗauka cewa abin da ya ƙone ya ɓace, don haka nakan ƙona sosan ƙarfe mai laushi a kan sikeli su ga nauyi ya ƙaru saboda oksijin da ya shiga, irin abin da Antoine Lavoisier na Faransa ya tabbatar da awo a ƙarni na 18, cewa nauyi ba ya ɓacewa a sauyin sinadari.

Garin ƙarfen nan da rukuni biyu suka jiƙa a makon farko ban zubar da shi ba, na bar shi a kan takarda a bakin taga. Ranar bita na ɗauko shi ya yi jajawur da tsatsa, na miƙa wa wata ɗaliba ba tare da na ce komai ba. Ta jujjuya takardar, ta murje garin da yatsa, ta kai maganaɗisu ta ga jan garin ba ya tashi kamar na farko, sannan ta rubuta a allo cewa ƙarfe ya haɗu da oksijin da ruwa ya zama wani abu dabam. A ƙarƙashin haka ta ƙara da cewa tacewa ba za ta dawo da shi ba.