Tarihin Rayuwata a Koriya (Kashi na 9): Kalmomin da Ba Sa Bin Layi

A makon jiya na tsaya a inda muka gama zangon farko a makarantar koyon harshe a birnin Daegu. Duk wanda ya zo da tallafin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu bai iya harshen ba, sai ya yi shekara guda yana koyon sa, kuma sai ya ci mataki na 3 a jarrabawar TOPIK ta gwajin iya Koriyanci kafin a bar shi ya shiga jami'a. To, a zango na biyu ne aka fara tankaɗe mu.

Haruffan Hangul, wato rubutun Koriya, ba su wahalar da ni ba. Sarki Sejong ya tsara su a 1443 don talaka ya iya karatu. Wahalar tana cikin aikatau. A Koriyanci, hatta siffa juyawa take yi kamar aikatau. Mu mukan ce "ana sanyi", su kuwa kalma ɗaya ce, 춥다, cupta. Ka'ida ta ce a cire -ta a liƙa ƙarshen girmamawa. Amma harafin ㅂ ("p") da ke gindinta sai ya narke ya koma "w" idan wasali ya biyo shi: cuwoyo. Haka mepta, yaji, ke zama mewoyo. Kana murna ka gane, sai ipta, sa tufafi, ta tsaya a kan ka'ida: iboyo. Ba alamar da za ta nuna maka wacce ce wacce.

Malamarmu, sonsengnim muke ce mata, ta raba mana takarda mai rukuni bakwai na kalmomin da suka kauce wa ka'ida, ta ce a haddace. A ganina wannan takardar ta fi tsoratarwa fiye da koyarwa. Ni dai hunturu ne ya koya mini cuwoyo, don daga Disamba duk wanda ya shigo aji da ita yake buɗe baki. Mewoyo kuma a wani ɗan shagon abinci na kama ta. Matar tana ajiye mini kwano za ta leƙo fuskata, ta kira ni haksaeng, wato ɗalibi, ni kuma in kira ta Imo, wato inna.

"Haksaeng, mewoyo?"

"A'a, Imo," nakan amsa mata da Koriyancina mai ɗingishi, "a garinmu wannan ba yaji ba ne."

Kalmomin nan da suka kauce wa ka'ida, yawancinsu na bakin kowa ne kullum. Moruda, rashin sani, tana ninka "l" ta zama mollayo, kuma wace kalma baƙo ke furtawa fiye da "ban sani ba"?

Wadda ta fi ba 'yan ajinmu ciwon kai ita ce 묻다, mutta. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu. In tambaya ake nufi, harafin ㄷ ("d") ya koma ㄹ ("r"): muroyo. In binnewa ce, ya zauna daram: mudoyo. Wani ɗan Kazakistan da ke kujerar bayana ya rantse da gangan aka yi. Ni kuwa na tuna muna cewa na saya, na sayi doki, na saye shi, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ba mu dalili. Daga nan na daina neman dalili, na koma sauraron masu shaguna da direbobin bas.

Sakamakon jarrabawar tsakiyar zango ya fito ranar wata Juma'a, ina shirin tafiya masallaci, sai aka ce ofis na nemana. Abin da aka faɗa mini a can, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.