Asabar ɗin da kobol suka sace mana igiya

Bayan sallar la'asar muka shimfiɗa tabarma a zaure, mu biyar: ni mai jan labari, ƙanena, abokansa biyu, da 'yar kawuna da ta dage sai ta zama mai siddabaru. Mako uku rabonmu da wasan Dungeons & Dragons, wasan da mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya zama jarumi a cikinsa, kuma tun ranar wani abu ke damuna. Wancan zama na jera musu kobol shida, wasu ƙananan dodanni na cikin wasan, a bakin kogo, suka yi musu yankan kaji. A bugu na 5 na wasan, wanda ya fito a 2014, kobol makin rai 5 kacal gare shi, wato makin da sara ke ragewa, in ya ƙare an mutu. Jarumin ƙanena sara ɗaya yake yi ya wuce. Kafin a gama, ɗaya daga cikin yaran ya koma danna waya.

Shi ya sa cikin makon nan na koma neman asalin kobol. Ashe ba ɗan ƙadangare mai mashi ba ne kamar yadda wasan ya zana shi. A tatsuniyoyin Jamus ɗan ƙaramin aljani ne, wani na zama a gida, wani a ramin haƙar ma'adinai. Na gida, in an ajiye masa abinci ya taya aiki da dare, in an manta da shi ya ɓoye kaya, ya hana kowa sakat. Na rami kuwa shi mahaƙa suke zargi idan suka tono dutse mai kama da na azurfa, suka narka, sai hayaƙi mai guba. Daga sunansa aka samo sunan ƙarfen kobalt, wanda Georg Brandt ɗan ƙasar Suwidin ya tace wajen 1735. Wato batirin wayar da yaron nan ke dannawa ma akwai rabon kobol a ciki.

To yau ban bari sun ga ko ɗaya ba. Sun shiga ramin, suka kwanta hutawa, na ce kowa ya jefa ƙwayar wasa mai fuska 20, wadda lambar da ta fito ke nuna sa'ar mutum. Wanda ke gadinsu ya samu 4 kacal. Na yi shiru kawai na rubuta wani abu a takarda. Da suka farka, igiyarsu mai ƙafa 50 babu, an cika takalmin jarumi da tsakuwa, an juya alamar allin da suka yi a bango ta koma nuna wata hanya. Ƙanena ya miƙe tsaye a kan tabarma, ya ce, "Yaya, wannan ai zalunci ne, ka fito da su mu gwabza!" Na ce ni ban ga kowa ba, dariya dai kuke ji daga can ƙasa.

Abin da ya ba ni mamaki, sun fi jin zafin igiyar nan fiye da duk saran da aka taɓa yi musu. Makin rai yana dawowa in an yi barci. Igiya kuwa ta tafi, ga rami mai zurfi a gabansu. Kusan rabin awa suna gardama, har mai wayar ya kife ta a ƙasa.

'Yar kawuna ce ta warware. Ta ce wannan halin Gizo ne sak, ba a kama shi da ƙarfi, da cikinsa ake kama shi. Ta ajiye guzurin kwana ɗaya a kan dutse, suka ja baya. Ban shirya wa hakan ba, gaskiya, amma na bi ta. Igiyar ta dawo, an ƙulla mata ƙulli goma sha ɗaya, kuma an haɗa musu da mataccen ɓera a matsayin tukuici. Na ba su makin gogewa, mai ɗaga matsayin jarumi, daidai da na yaƙi. Ƙanena ya yi ƙunƙuni wai takobinsa bai sha jini ba, na yi masa alkawarin wani abu mai haƙora a hawa na ƙasa.

Kiran magariba ya tashe mu. Da na zo tattara kaya, ƙwaya mai fuska 8 ta ɓace. Mun ɗaga tabarma, mun duba cikin takalma, babu. 'Yar kawuna ta ce in ajiye kofin madara a zaure kafin in kwanta. Ina zargin aljihun ƙanena.