Furen da ake sauyawa kullum a Berlin

Jiya bayan isha'i ina kwance kan tabarma a tsakar gida, babu wuta ga zafin Sakkwato ya hana barci, sai ɗan yayata da ke karatu a Jamus ya turo min hoto ta WhatsApp. Wani tafki ne zagayayye, ruwansa baƙi wuluk, a tsakiya dutse mai kusurwa uku da fure guda a kansa. Na ce kai kuma yawon shaƙatawa ka tafi maimakon karatu? Ya ce a'a Kawu, wurin tunawa da 'yan ƙabilun Roma da Sinti ne, wasu tsirarun al'ummu a Turai da 'yan Nazi suka kashe, kusa da ginin majalisar ƙasar, kuma kullum sai an sa sabon fure.

Ni wallahi iyakar sanina Yahudawa Hitila ya kashe. Ashe waɗannan mutanen ma, da asalinsu daga Indiya yake, haka aka riƙa loda su a jirgin ƙasa. A Disamba 1942 Himmler, ɗaya daga manyan muƙarraban Hitila, ya ba da umarnin kai su sansanin Auschwitz, wajen mutum 23,000 aka tara can, a daren 2 ga Agusta 1944 waɗanda suka rage, yawanci mata da yara da tsofaffi, aka hallaka su da iskar guba.

Abin da ya tsaya min a rai jinkirin ne. Sai 1982 gwamnatin Jamus ta Yamma ta yarda cewa kisan ƙare dangi aka yi musu, tafkin nan kuwa sai 2012 Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, ta buɗe shi, lokacin mafi yawan waɗanda suka tsira sun riga sun mutu. Na ƙasar Cek ma ya fi ban takaici, a Lety inda 'yan ƙabilar Roma sama da 300 suka mutu a sansanin da aka tsare su, galibi yara ƙanana, gidan kiwon aladu aka gina a wurin, aladu fa, shekara da shekaru dangi suna zuwa ziyara cikin wari kafin gwamnati ta saye gonar, daga baya ta rushe ta a 2022.

Da muka gama hira na ce masa to kai da ka san wannan duka, ka san Satiru? Nan kudu da Sakkwato, garin da Turawa suka ƙone ƙurmus a 1906? Na ga alamar yana rubutu yana gogewa, can sai ya turo: Kawu wane ne Satiru?