Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a jinyar 'yarmu da rasuwarta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Da sunana da na mahaifiyarta nake rubuta wannan saƙo, domin ita har yanzu ba ta iya haɗa magana mai tsawo ba tare da murya ta sarƙe mata ba. Kun bi mu tun daga ranar da aka kwantar da yarinyar har zuwa safiyar da Allah ya karɓi abarsa, don haka ba zan maimaita muku abin da kuka riga kuka sani ba. Sai daren jiya na samu barcin da ya wuce awa uku a jere, kuma da na farka na sami kaina ina kasa kunne ko zan ji nishinta kamar yadda na saba shekara goma sha huɗu. Da na tuna cewa babu sauran ciwon da zai taɓa ta, sai na ji wani irin sauƙi ya sauko mini tare da hawaye, kuma ban ji kunyar wannan sauƙin ba, domin duk wanda ya taɓa riƙe hannun mai sikila lokacin da ciwon ya tashi ya san abin da ta huta da shi.

Tana da wata takwas a duniya hannuwanta da ƙafafuwanta suka kumbura, tana ta kuka ba a san dalili ba, har gwaji ya nuna SS ce, wato tana da cutar sikila. A ranar ne ni da mahaifiyarta muka san cewa dukkanmu AS ne, wato muna ɗauke da gadon cutar ba tare da ta kama mu ba, kuma a irin wannan haɗi kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da cutar. Ba mu yi gwaji kafin aure ba, kuma wannan nauyi ne da muka daɗe muna ɗauke da shi mu biyu, amma Allah shaida ne ba mu taɓa yin rana guda muna da-na-sanin samunta ba. Ta tashi yarinya mai son sanin dalilin kowane abu. Tana da wani ɗan littafi da take rubuta adadin kofin ruwan da ta sha a yini, da lokacin shan magungunanta, folik asid da haidiroksiyuriya, da sakamakon duk gwajin jinin da aka yi mata, har likitoci sukan nemi littafinta kafin su buɗe katinta. Idan baƙo ya dube ta da idon tausayi, sai ta zaunar da shi ta yi masa bayani cewa jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna yin kimanin kwana 120, nata kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu, shi ya sa take saurin gajiya kuma idonta yake yin ɗorawa. Takan rufe da cewa jininta ba malalaci ba ne, gajeren kwana ne da shi. Tun da ta ji cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 19 ga Yuni don masu wannan cuta, ta ɗauki ranar tamkar ta haihuwarta ta biyu, kowace shekara sai ta tuna mana tun saura mako.

Akwai dare ɗaya da nake so in tsaya a kansa. Shi ne daren da ciwon ya kama ƙirjinta, zazzaɓi ya hau, numfashi ya yi gajere duk da iskar oksijin da aka sa mata, tafin hannunta ya yi fari fat. Likita ya ja ni gefe ya ce sai an yi mata ƙarin jini kafin gari ya waye. Rukunin jininta O nagetif ne, wanda ba ya karɓar kowane jini sai irinsa, kuma saboda ƙarin jinin da aka sha yi mata a baya jikinta ya fara ƙin wasu ko da rukunin ya zo ɗaya. Nawa bai dace ba, na mahaifiyarta bai dace ba, a ma'ajiyar jini kuma babu irinsa a daren. Na kira duk lambar da ke cikin wayata har cajin ya kusa ƙarewa. Wajen ƙarfe biyu na dare ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa a barandar asibitin na jingina da bango, kuma ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, tsoron uban da yake da jini cike da jikinsa amma ɗigo ɗaya ba zai amfani 'yarsa ba.

A nan wani bawan Allah ya same ni. Yana jinyar mahaifiyarsa ne a wani ɗaki can ƙarshen barandar, ya fito neman ruwa, kuma daga ganin idonsa shi ma ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya durƙusa ya tambaye ni abin da ya faru, na faɗa masa a taƙaice ba tare da na sa rai da komai ba. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Malam, tashi mu je a gwada nawa, an taɓa ce mini irin wannan ne." Muka zauna a benci ɗaya muna jiran sakamakon gwaje-gwajen da dole a yi kafin a sa wa mutum jinin wani, ba mu ce wa juna komai ba, sai dai ina jin yana ta salati ƙasa-ƙasa. Da ma'aikacin ɗakin gwaji ya leƙo ya ce ya dace, kuma AA ne, wato babu gadon sikila a jininsa, ban san lokacin da na kama hannun mutumin nan da hannuwana biyu ba. Leda ɗaya aka ɗiba, kimanin mililita 450, cikin abin da bai fi minti goma ba. Na nemi sunansa da lambarsa, na kuma yi yunƙurin sa hannu a aljihu, sai ya riƙe mini hannun ya ce, "Baban yarinya, koma wurin 'yarka. Idan ka yi salla ka sa tsohuwata a addu'a." Bayan kwana biyu na je ɗakin na tarar da wani majinyaci a gadon.

Na san akwai masu cewa a ransu tun da ta rasu ai jinin bai yi amfani ba. Ina so su sani cewa kwana tara muka samu bayan wannan dare, kuma ba ni da wata dukiya a duniya da ta kai kwanakin nan. Da hantsi launi ya dawo tafin hannunta, ta buɗe ido ta nemi littafinta. A rana ta uku ta tambaye ni, "Baba, jinin wa ke jikina?" Na ba ta labarin, ta yi murmushi ta ce ashe yau ita ma tana da ƙwayoyi masu dogon kwana, sannan ta rubuta a littafin cewa a yi wa mahaifiyar mai jini addu'a. A cikin kwanakin nan ne ta ga ƙannenta, ta raba musu kayan zanenta, kuma a cikinsu ne ta kama fuskar mahaifiyarta ta ce, "Umma, ki daina cewa laifinki ne, ni ban taɓa jin haushinki ba." Shekara goma sha huɗu ina ƙoƙarin cire wa matata wannan ƙaya na kasa, yarinyar ta cire ta da jimla ɗaya, kuma da numfashin da jinin baƙon nan ya ba ta ta faɗe ta.

Na san da yawanku ba ku so a ambace ku, amma ku yi haƙuri da ni. Nas ɗin da take aikin dare, wadda ita kaɗai ke samun jijiya a hannun da allura ta gama cinyewa, kuma ba ta taɓa soka mata ba sai ta nemi izininta. Likitan da ya zaunar da mu ya faɗa mana gaskiya a hankali, bai ɓoye ba kuma bai yanke mana ƙauna ba. Dattijuwar da ke share ɗakin, wadda ta ga mahaifiyarta tana rawar sanyi da asuba ta cire mayafinta ta lulluɓa mata. Matasa uku da suka zo da safe bayan sun ga sanarwata, biyu jininsu bai dace ba amma suka ce a ɗiba a ajiye wa wani. Malamar ajinsu da ta kawo mata wasiƙun ƙawayenta. Ƙanwar mahaifiyarta da ta bar nata gidan ta riƙe mana yara mako uku ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Da kuma dattijon da ya zo ta'aziyya ya ga ina danne kuka, ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa 'ya'yansa shida cikin bakwai yana raye, cewa Sayyidina Usman bai halarci Badar ba saboda jinyar Nana Ruƙayya, kuma da ɗansa Ibrahim ya rasu ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Baba, a ranar ka ba ni izinin yin kukan da nake ta haɗiyewa.

Akwai kuma waɗanda jini ɗaya ya haɗa mu, waɗanda na kira a wancan daren wayarsu ta yi ta ƙara, kuma har yau muna duban ƙofa. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Ita dai ta tambaye su sau biyu, na ce mata suna hanya.

Ya Allah, naka ne abin da ka karɓa, naka ne abin da ka bayar, kuma kowane abu a wurinka yana da ajali ambatacce. Ka jiƙan 'yarmu, ka sanya kowane dare na ciwo da ta yi ya zama ɗaukakar daraja gare ta, ka yalwata makwancinta, ka haɗa mu da ita a Aljannar Firdausi cikin jikin da ba ya ciwo. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta da ƙannenta. Duk wanda ya ba mu jininsa, ko barcinsa, ko dukiyarsa, ko addu'arsa a ɓoye, ya Allah ka tsaya masa ranar da ya rasa mai tsaya masa, ka raya masa zuriya cikin lafiya, kada ka jarrabe shi da abin da ka jarrabe mu. Iyayen da suke zaune a bakin gadon 'ya'yansu masu sikila a wannan daren, ka kawo musu ɗauki ta inda ba su zata ba. Amin.

Bawan Allah mai jini, ban san ko sallamar mahaifiyarka aka yi ba ko kuwa kai ma kana cikin irin halin da muke ciki. Idan wannan saƙo ya iso gare ka, ko ga wanda ya san ka, ina roƙo ka neme ni. Littafin yana hannuna, kuma akwai shafin da ta rubuta dominka da nake so ka karanta da idonka.