Gansakuka ta kusa cinye min tankin murjani

Wata na biyar da haɗa tankin ne abun ya fara, kuma wallahi har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. Tanki ne na lita 200, ruwan gishiri, da duwatsu da ƴan murjani masu rai guda shida sai kifi huɗu, na ajiye shi a falo kusa da taga. Tun sati na uku na ga wata ƙura-ƙura ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, wannan bata dameni ba don kusan duk sabon tanki sai yayi ta, sinadarin silika take ci, in ya ƙare ita ma ta tafi da kanta. Haka kuwa akayi. Amma wadda ta biyo baya daban ce, koriya shar, doguwa kamar gashi, ta fara daga kan dutse ɗaya kafin sati uku ta kama ko'ina har jikin famfon da yake juya ruwan.

Akwai wani ƙaramin murjani mai kama da furanni da ƴata take so, kullum da safe kafin ta tafi makaranta sai ta tsaya ta ga ya buɗe. Rannan ta zo tace Abba ina furen nan, ya daina buɗewa. Na leƙa, gansakukar ta lulluɓe shi gaba ɗaya, na sa ɗan tsinke na ɗaga sai naga naman ya zagwanye saura farin dutse. A ranar na daina cewa zata wuce da kanta.

Abun da ya fi ruɗa ni shine gwajin ruwa. Na auna fosfet sifili, na auna naitiret shima kusan sifili, sinadarai biyun da gansakuka take ci kenan, to ni a tunanina ruwana tas yake, daga ina take samun abinci kenan? Na ɗau lokaci kafin na gane cewa ita gansakukar ce take zuƙe su tun kafin su zauna a ruwan, shi yasa gwaji baya ganin komai. Abincin yana shigowa kullum, ita kuma tana cinyewa kullum. Kuma ni nake kawo mata da hannuna, da ruwan bohol nake haɗa gishirin, da shi kuma nake cike abun da ya ƙafe, ga zafin garin nan a rana sai lita uku ko huɗu su tafi. Ruwa ne kaɗai ke tashi, duk wani datti da ya shigo da shi yana nan a tankin yana taruwa. Da na samu ƴar mitar TDS, mai auna abun da ya narke a cikin ruwa, na tsoma a ruwan bohol ɗin sai da ta haura 200, alhali ana son ruwan da za'a haɗa ya nuna 0. Dole na sayi matatar RO mai DI a ƙarshenta, wadda take tace duk abun da ya narke a ruwa, da tsada gaskiya, kuma tana zubar da ruwa da yawa, nake tarawa a jarka ana wanki da shi.

Sai ciyarwa. Sau uku nake basu abinci a rana, yara ma in sun wuce su ɗan barbaɗa, duk abun da kifi bai ci ba ya shige ƙarƙashin dutse ya ruɓe ya koma fosfet. Yanzu sau ɗaya ne da yamma, abun da zasu cinye cikin minti biyu, gwangwanin kuma yana saman kabad. Fitila na maida ta awa 8 da taima maimakon 12, taga na sa mata labule mai kauri.

Sauran aikin na hannu ne, ba wata dabara. Duk Asabar da safe na kashe famfo, na ɗauko tsohon buroshin haƙori da siririn tiyo, ina tuge gansakukar da yatsa ina zuƙe ta da tiyon zuwa bokiti a lokaci ɗaya, don in ka goge ka barta tana yawo a ruwa wani wurin zata je ta kama. Lita 20 nake canzawa, gishirin na daidaita shi a 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri. Warin bokitin nan kamar bakin kududdufi, hannu kuma ya yi ta ƙaiƙayi. Sati shida ina wannan kafin na ga bambanci na gaske, dalili kuwa dutsen da kansa ya sha fosfet a watannin baya, a hankali yake sakinsa.

Halittu masu cin gansakuka kuma sun taimaka sosai. Na sa katantanwa irin Trochus guda takwas, su na zaɓa don suna jure ɗumi kuma in sun kife suna iya juyawa da kansu, saɓanin Turbo na Meziko da suka fi son ruwa mai sanyi. Amma basa taɓa doguwar gansakuka, sai ka rage mata tsawo sannan su bi su share. Na ƙara da bushiyar ruwa ƙwaya ɗaya, wata halittar teku mai ƙaya a jiki, wannan kam gwana ce, inda ta bi da daddare da safe zaka ga layi fari fat a jikin dutse. Ko a teku haka abun yake, a 1983 wata cuta ta kashe mafi yawan bushiyoyin ruwa masu dogon ƙaya a tekun Karibiyan, bayan nan gansakuka ta mamaye murjanin gaɓar Jamaika.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai wannan sha'awar, kar ka bi fosfet da naitiret da magani har ka kai su sifili na gaske. Murjani shima akwai ƙananan halittu dangin gansakuka a cikin namansa da suke masa abinci da haske, in ka ƙarar da fosfet da naitiret gaba ɗaya a ruwan sai ya koɗe, kuma wata majina-majina ruwan ƙasa mai kumfa ta taso wadda ta fi gansakukar wahalar kora. Ni yanzu naitiret wajen 5 nake barinsa, fosfet kuma 0.05 haka.

Har yau akwai ɗan tsiro guda a bayan famfo inda hannuna baya kaiwa sosai, da wani jan tabo a kan yashi da yake dawowa duk lokacin da wuta ta daɗe bata zo ba ruwa ya tsaya cak. Na haɗa famfo ɗaya da inbata saboda shi. Ƴata kuma ta zaɓi wani sabon murjanin, kore mai bakin lemo, nace mata ta bari sai ƙarshen wata in dutsen ya zauna fes sannan mu ɗauko.